Darasi Na 14: Mai Gadin Kwamfuta

Yanzu kwamfuta ta shigo ƙauye. Akwai ta a ofishin hedimasta, akwai ta a ɗakin shan magani, akwai ta a shagon yaron nan da ke buga wa mutane takardu ran kasuwa. A cikinta ake ajiye sunayen 'yan makaranta, da lissafin kuɗin ƙungiyar manoma, da hotunan katin shaida. Ashe ta zama rumbu ke nan. Kowane rumbu kuwa yana da ɓarayinsa.

Ɓarayin kwamfuta ba su da hannu, ba su da ƙafa. Waɗansu dabaru ne da miyagun mutane ke shiryawa, su sake su cikin duniya. Ana ce da su ƙwayoyin cutar kwamfuta. Suna shiga ta intanet, ko ta filashi, watau ɗan abin nan da a kan soka a gefen kwamfuta a kwashi takardu. Wata ƙwaya ta ɓoye takardunku. Wata ta saci lambar sirri ta banki. Wata ta kulle kome da kome, ta ce sai an biya fansa.

Saboda haka aka yi wa kwamfuta mai gadi. Windows 10 da Windows 11 suna zuwa da nasu, sunansa Microsoft Defender, ba a biyan ko kwabo a kansa.

Yadda mai gadi ke gane ɓarawo

Mai gadin nan yana da littafi. A ciki an rubuta kamannin ɓarayin da aka sani. Duk abin da ya zo shiga, sai ya duba shi, ya duba littafi. In kamanni suka dace, sai ya cafke.

Amma fa ɓarayi ba su barci. Akwai wata ma'aikata a ƙasar Jamus, sunanta AV-TEST, aikinta ƙidaya waɗannan ƙwayoyi. Kowace rana tana samun sababbi dubu ɗaruruwa. Domin haka kamfanin Microsoft ya kan aiko da sababbin shafuna na littafin, ba sau ɗaya ba a yini. Mai gadin da ya yi wata shida bai sami sabon shafi ba, ɓarawon bana zai yi masa sallama, ya amsa, ya ba shi hanya.

Magini da manzo

Mu lura da kyau, gama nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Baƙi biyu ke zuwa wa kwamfuta daga Microsoft. Na fari magini ne, yana zuwa ya toshe tsagar da aka gano a bangon Windows. Kayansa da nauyi. Na biyu manzo ne, yana kawo wa mai gadi sababbin shafuna. Kayan da ya kan kawo kullum ba su da nauyi. Su biyun nan ƙofa ɗaya suka saba bi, sunanta Windows Update.

Mutane da yawa su kan rufe ƙofan nan, kuma ba su rasa dalili ba. Kayan magini suna cinye data, ita kuwa da kuɗi ake sayenta. Wani lokaci kwamfuta ta tsaya tana gyaran kanta, ga masu jira a bakin shago, ga man janareta yana ƙonewa. Sai mai ita ya kira wani gwani ya ce, a kashe mini wannan abu. To, magini aka yi nufin korewa, amma sau da yawa har da manzo ake rufewa a waje. Mai gadi yana nan zaune da tsohon littafi, mai kwamfuta kuwa yana tsammani lafiya lau.

Abin da za mu yi

Na ɗaya, in hutu kawai muke so, kada mu kashe ƙofar ɗungum. Windows ya yarda a dakatad da magini har kwana 35. A wannan hanya manzo ba ya daina zuwa.

Na biyu, in an riga an rufe ƙofa, mu aika a kira manzo da kanmu. Mu haɗa kwamfuta da intanet. Mu nemi hoton garkuwa a ƙasan allo, kusa da agogo, mu danna. Wuri zai buɗe mai suna Windows Security. Mu shiga inda aka rubuta Virus & threat protection, mu sauka zuwa Protection updates, mu danna Check for updates. A wurin nan an rubuta kwanan watan da littafin mai gadi ya sami sabon shafi. Mu karanta kwanan watan da idonmu. In na yau ne ko na jiya, madalla. In na watan jiya ne, akwai gyara. Kun ga amfanin karatu ke nan.

Na uku, in garinmu ba intanet mai ƙarfi, ko kuwa hanya ta biyu ta ƙi, ana iya ɗauko littafin dukansa daga wani wuri. Mai zuwa birni ya shiga shafin Microsoft na ainihi, ya sauko da abin da ake kira mpam-fe.exe, ya zuba a filashi mai tsabta. Akwai na 32, akwai na 64, sai a duba irin wanda kwamfutar take ɗauka. In ya komo gida, a soka filashi, a danna abin sau biyu, shi ke nan. Amma kada a ajiye shi a ce za a sake amfani da shi wata mai zuwa, gama ya tsufa. Kada kuma a karɓo shi daga wani shafi dabam. Ɓarawo ya kan sa rigar mai gadi.

Waɗansu sun sa wa kwamfutarsu mai gadi na wani kamfani, kamar Avast ko Kaspersky. Waɗannan daga gidan kamfaninsu suke karɓan shafuna, ba ta ƙofar Windows Update ba. Su ma a riƙa duba kwanan watansu. In na kuɗi ne, a san ranar da kuɗin zai ƙare.

Kada a kori magini har abada

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Maris na 2017 Microsoft ya aiko da gyaran wata tsaga. Mutane da yawa ba su karɓa ba. Ran 12 ga watan Mayu na shekaran nan sai wata ƙwaya mai suna WannaCry ta bi ta tsagar, ta kulle kwamfutoci wajen 200,000 a ƙasashe kamar 150. Ta nemi fansar dala 300 a kan kowace. A Ingila har asibitoci suka mai da marasa lafiya gida, domin likitoci sun kasa buɗe takardunsu. Wata biyu gyaran yana jira a bakin ƙofa.

Domin haka mu sa wa manzo rana, a ƙalla sau ɗaya a mako, misali kowace safiyar kasuwa kafin a soma soka filashin mutane. Magini kuma mu buɗe masa sau ɗaya a wata, ranar da akwai wuta da isasshen data. Masu Windows 10 su sani Microsoft ya daina aiko masa da magini na kowa da kowa tun ran 14 ga Oktoba 2025, sai su nemi shawarar wanda ya san aikin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi

1. Da me mai gadin kwamfuta ke gane ɓarawo?
2. Mene ne aikin magini, mene ne aikin manzo?
3. Kwana nawa a kan iya dakatad da magini?
4. Me ya faru ran 12 ga Mayu 2017?

Ku rubuta wannan a allunanku: Rigakafi ya fi magani.