Auren zumunci da takardar kemis

Har yanzu raina a ɓace yake kan yarinyar da aka kawo mana asibiti daga wani ƙauye kusa da Darki. Shekararta huɗu, ido ya yi ɗorawa, ciki a kumbure, ga tsagar wanzami jere a haƙarƙarin hagu, wai maganin saifa. PCV ɗinta, wato awon yawan jini, 11. Yayyenta biyu sun rasu da irin wannan ciwon, gida kuwa an tsaya a kan mayu ne.

Na tambayi uban, "Malam, kun yi gwaji kafin aure?" Ya ce ai tuwona maina aka yi, 'yar baffansa ce, amma duk da haka sun yi. Ya zaro takarda daga aljihu, AA, da hatimin wani kemis. Na ce wa ya ɗebi jinin? Ya ce ba a ɗiba ba, kuɗi kawai ya bayar. Muka sake gwajin. Shi AS, matarsa AS, yarinya SS, wato sikila. Kakar ta ce, "Ɗan nan, mu haka muka gada, ba mu ga komai ba." Na ce, "Iya, kun gani, kun dai kira shi amosani kun binne."

Addini bai hana auren zumunci ba, ni ma ban hana ba. Amma 'ya'yan wa da ƙani kaka ɗaya suka haɗa, abin da ke ɓoye a jinin wannan yana iya kasancewa a jinin waccan. AS da AS, a kowane ciki yiwuwar SS ɗaya cikin huɗu ce. Kowane ciki! Ba wai in ɗaya ya ɗauka ukun sun tsira ba. Kuma ba sikila kaɗai ba, har da kurumtar gado.

Masu ce mini "ni O ne", rukunin jini daban, jinotayif daban, na gaji da faɗa. A daina tsaga yara. A daina ɗirka musu allurar kemis.

Tun watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Kano, amma masu sayar da takarda ba su ji kunya ba. Limamai da waliyyai, ku duba inda takarda ta fito. A je asibitin gwamnati a Wudil, a ɗebi jini a gaban ido, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba ranar da lefe ya shiga gida ba.