Kaza mai kwanci: ƙwan ƙyanƙyasa daban, ƙwan yaro daban

Uwargida, darasin wannan karo a kan kazar gida ne, musamman lokacin da ta shiga kwanci. A ƙauyukan Maraɗi, Damagaram da Tawa da wuya a sami gidan da babu kaza ko ɗaya, amma da yawa daga cikin yaran waɗannan gidaje sukan yi wata guda ba su ɗanɗana ƙwai ba. Ana barin ƙwan duka a gurbi don a sami ƴan tsaki, wasu su zama baragurbi, waɗanda aka ƙyanƙyashe kuma shirwa da sanyi su kwashe. A ƙarshe babu ƙwai, babu tsaki. Wannan hasara ana iya rage ta ba tare da an kashe ko dala ba.

Kazar gida takan yi ƙwai kashi uku zuwa huɗu a shekara, kowane kashi 10 zuwa 15. Ƙirjinta kuwa ba ya rufe fiye da 8 zuwa 10 yadda ya kamata. Wanda ya rage a gefe ba ya samun ɗumi, kuma da yake tana jujjuya su, yau wannan ne a waje, gobe wancan, sai sanyi ya taɓa kusan duka. Saboda haka idan kazarki ta yi 14, ki bar mata 9 ko 10. Sauran na tukunya ne, kuma ba ki rage yawan ƴan tsakin da za ki samu ba.

Yadda za ki zaɓa

Ki sami gawayi. Duk ƙwan da aka saka, ki yi masa alama a ranar, don ki san sabo da tsoho. Wanda za a ba kaza ta kwanta a kai kada ya wuce kwana 7, in an matsa ƙwarai kwana 10. Ki ɗauki matsakaici mai santsin ɓawo, ki ware mai tsaguwa, da ƙarami ainun, da mai siffa dabam. Kada ki wanke shi, domin akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke hana ƙwayoyin cuta shiga, ruwa kuma yana cire shi. Idan da kashi a jiki, ki goge da busasshen tsumma.

Ajiya ita ce babbar matsala a ƙasarmu. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan sa ƙwai ya soma rayuwa tun kaza ba ta hau shi ba, sannan ya mutu. Ki sa shi cikin kasko ko ƙwarya, tsininsa ƙasa, ki ajiye gindin randa inda yashi ke da damshi. In kuwa babu zakara a gidan ko a maƙwabta, kada ki ɓata wa kaza lokaci, ƙwan nan ba zai ƙyanƙyashe ba. Zakara ɗaya ya ishi kaji kamar 10.

Kwana 21

Za ki gane kaza ta shiga kwanci idan ta ƙi barin gurbi dare da rana, ta tada gashi, ta kai sara ga hannun da ya matso. Ki bari ta yi kwana biyu a haka kafin ki ba ta zaɓaɓɓen ƙwai, don wata takan fasa. Da dare ake sa mata, lokacin da ta natsu, kuma a sa duka rana ɗaya don su fito tare.

Gurbin ya kasance a inuwa, wurin da ba a yawan wucewa, inda ruwan sama ba ya kwanciya. Tsohuwar tukunya da ta fashe ko kwando ya wadatar. Ki zuba yashi da ɗan toka a ƙasa, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Tokar tana rage ƙuma da ƙwarƙwata, waɗanda su ne kan kori kaza daga gurbi tun kwanaki ba su cika ba. Da dare ki rufe da abin da iska ke shiga amma muzuru da gafiya ba su iya ɗagawa. Ki hana sauran kaji shiga su ƙara mata ƙwai; duk wanda kika gani babu alamar gawayi, ki ɗauke a ranar, na yaro ne.

Kaza mai kwanci takan sauka sau ɗaya a wuni, na ɗan lokaci, ta ci, ta sha, ta yi wankan ƙasa. Idan sai ta yi nisa kafin ta sami abinci, ƙwai zai huce. Tafin hannu ɗaya na gero ko dawa da ruwa mai tsabta kusa da gurbi sun isa. Mutane da yawa na ganin tun da ba ta yawo ba ta buƙatar ci, alhali a makonnin nan uku ne ta fi ramewa.

A rana ta 7 zuwa ta 10, ki shiga ɗaki mai duhu da tocila, ki haska kowane ƙwai ta gefensa mai faɗi. Mai rai za ki ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo da ɗan ɗigo baƙi. Wanda haske ya ratsa fes babu komai ciki. Ki fitar da shi, don in ya ruɓe ya fashe zai ɓata sauran. Kada a ba yaro irin wannan ƙwan da ya yi mako ƙarƙashin kaza. Daga rana ta 18 kuma kada ki ƙara taɓa su.

Ɗan tsako yakan yi wuni guda tsakanin huda ɓawo da fitowa. Kada tausayi ya sa ki ɓare masa, jini zai zuba ya mutu. Wanda bai fito ba har rana ta 23, a binne shi nesa da gida.

Masu sa wa kaza ƙwan zabi da damana su tuna shi kwana 26 zuwa 28 yake yi. In za a haɗa su a gurbi ɗaya, na zabi ya riga shiga da mako guda.

Makonnin farko

A nan ne aka fi hasara. Kwana biyun farko ɗan tsako na rayuwa da gwaiduwar da ya shanye, don haka babu gaggawar abinci, amma ruwa dole ne. Ki sa shi a faranti marar zurfi, ki jefa tsakuwa ciki don kada su nutse. Bayan haka ki ba su tsakin gero ko na masara, da ɗan garin ƙuli-ƙuli, da gara in an samu, da yankakken ganyen zogale. Dussa kaɗai ba ta gina tsako.

Kada ki saki uwa da ƴaƴanta su shiga gari. Ki kife su da babban kwando ko ki tsare su a akurki har mako 4 zuwa 6, kina matsar da kwandon zuwa wuri mai tsabta, kina fitar da su hantsi bayan raɓa ta bushe. Wannan tsarewa tana da wani amfani da ya shafi ɗanki kai tsaye. Yaro mai rarrafe yana kai duk abin da ya samu baki, kashin kaji kuma na kawo zawo, zawo mai maimaituwa na kai yaro ga tamowa. Ki share tsakar gida kullum, ki wanke hannu da sabulu bayan kin taɓa kaza ko gurbi, kuma kada kaji su kwana ɗaki ɗaya da yara.

Idan kaji biyu suka shiga kwanci tare, ki sa musu ƙwai rana ɗaya. Da sun ƙyanƙyashe, ki haɗa wa wadda ta fi iya reno duka ƴan tsakin da dare. Ɗayar za ta koma yin ƙwai cikin ƴan makonni, maimakon ta yi wata biyu tana yawo da tsaki. Haka kuma kazar da ba ki so ta yi kwanci, ki ɗauke ta daga gurbi, ki sa ta a kwandon da iska ke ratsawa, da ci da sha, kwana 3 ko 4. Tsoma ta cikin ruwa wahalarwa ce kawai.

Lokacin da ya fi dacewa a yawaita ƙyanƙyasa shi ne kaka, Oktoba da Nuwamba: zafi ya sauka, hatsi ya samu. Budurwar kaza takan soma ƙwai tana da wata 6 zuwa 7, wato dab da damana, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma yara suka fi rama. Sai dai hunturu ne lokacin annobar kaji da ake kira Niyukasal, wadda ba ta da magani, sai rigakafi. Ki nemi ma'aikacin kiwo na yankinku ya yi wa kajin duka, har da ƴan tsaki, tun sanyi bai shigo ba, ki tambaye shi ranar maimaitawa. Kazar da aka sayo daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida.

Ƙwan da kika ware kuwa, tun yaro na da wata 6 ana iya ba shi, tare da ci gaba da shan nono. Ki dafa shi sosai har gwaiduwa ta daskare, ki murje a cikin kunu ko fate, ki fara da kaɗan kina ƙarawa. Maganar da ake yi cewa yaron da ke cin ƙwai zai tashi ɓarawo ba ta da tushe, haka ma hana mai ciki. Idan ƙwai ɗaya ne a gidan yau, ɗan wata 6 zuwa 23 ake fara ba, sai mai ciki da mai shayarwa.