Yadda Ake Sa Kwamfuta Ta Rarraba Rubutu

Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bayyana wani aiki da muka yi a zangon karatun da ya wuce, watau yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni don ta rarraba rubuce-rubucen da aka ɗora a shafin intanet, ta kai kowanne inda ya dace. Ina roƙon manya su yi mini afuwa in na yi tuntuɓe, domin ni ma ɗan koyo ne.

Ga yadda abin ya samo asali. Akwai tsofaffin mujallun makarantarmu a cikin wani kabad a laburare, gara ta fara cin gefensu. Sai tsofaffin ɗalibai suka nemi a buga maƙalun da ke ciki a ɗora a shafin makaranta tun kafin su salwanta. Malaminmu na kwamfuta ya zaɓi mu shida, muka yi ta bugawa kullum bayan la'asar, in an sami wuta. Da muka gama sai ga maƙalu sun haura 400, amma duk a tari guda kamar an zubar da hatsi a masussuka. Mutumin Kiru da ke neman abin da aka rubuta game da garinsu sai ya bi su ɗai-ɗai, kuma lalle zai gaji ya bari kafin ya kai rabi.

Malam ya ce maganin wannan abu biyu ne, rukuni da laƙabi. Da ya ga mun yi zuru, sai ya kawo mana misali da kasuwar hatsi. Buhun shinkafa in ya shiga kasuwa, layin 'yan shinkafa ake kai shi, ba ya zama a layi biyu. Wannan layi shi ne rukuni. Amma a jikin buhun ana iya rubuta sunan mai shi, da garin da ya fito, da wata shaida ta dillali. Waɗannan su ne laƙabi, kuma ba su da iyaka. Manhajar da aka gina shafinmu da ita, mai suna WordPress, wadda ta fito a 2003, tana da wurin sa duka biyun. Ta ma yarda a ba maƙala rukuni fiye da ɗaya, amma Malam ya hana mu, ya ce in aka fara haka rukunin ya tashi daga aiki. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun 1876 wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey ya kasa littattafai gida goma, kuma lambobin nan da muke gani a gadon bayan littattafan laburare daga tsarinsa suka fito.

Muka tsayar da rukunai biyar: Tarihi, Noma da Sana'a, Kimiyya, Addini da Tarbiyya, sa'an nan Ƙagaggun Labarai. Wannan da hannu muka yi, bai ba mu wuya ba, don tsofaffin mujallun ma kusan haka suka jera su. Laƙabi shi ne babban aiki, domin so ake kowace maƙala ta ɗauki sunan yankin da take magana a kai, da abubuwan da ta ambata. A nan ne aka ce mu rubuta umarni da harshen kwamfuta da ake kira Python.

Kada iyayenmu su ɗauka wani tsafi ne. Umarnin da na rubuta, in an mai da shi Hausa, cewa ya yi: ɗauki maƙala ta farko, karanta ta daga sama har ƙasa. In ka ga kalma kaza, liƙa mata laƙabi kaza. In ka gama, ɗauki ta biyu, ka yi ta yi har su ƙare. Sauran aikin duk na jera kalmomi ne. A ƙarƙashin Bebeji na sa Tiga, inda madatsar ruwan da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako take, da kuma Bagauda. A ƙarƙashin Kiru na sa Kwanar Ɗangora. A ƙarƙashin Doguwa na sa Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar. Dajin Falgore kuwa shi ya nuna mini amfanin laƙabi sosai, domin ya shafi Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, don haka maƙalar da ta ambace shi laƙabi uku take ɗauka a lokaci guda. Na danna maɓalli, kafin in gyara zama ta ce ta gama. Abin da zai ci mana makonni ta yi shi kafin ƙiftawar ido. Ranar nan har wani taku na musamman na riƙa yi a hanyar ɗakin cin abinci.

Washegari muka buɗe laƙabin Doguwa don mu ga abin da ya taru. Abu na farko da muka tarar shi ne maƙalar wani ɗalibi a kan tufafin Hausawa. Na biyu labarin tafiya aikin Hajji a ƙasa. Kowa ya fashe da dariya, ni kuwa gumi ya karyo mini. Ashe na farkon ya rubuta "doguwar riga", na biyun ya rubuta "doguwar tafiya", ita kuwa kwamfuta da ta ga haruffan d, o, g, u, w, a a jere, shi ke nan ta liƙa. Ba ta san Doguwa gari ba, ba ta san doguwa mai tsawo ba. Laifin nawa ne, domin abin da na ce ta yi shi ta yi.

Na gyara umarnin na ce sai kalmar ta tsaya da ƙafarta, kuma ta fara da babban baƙi. Wannan ya rage ɓarna amma bai kashe ta ba, saboda wani ƙagaggen labari yana da jimlar da ta fara da "Doguwa ce, fara", yana siffanta wata yarinya. Daga ƙarshe sai da na ƙara sharaɗi, cewa kada ta yarda da Doguwa sai in ta ga wata shaida a kusa, kamar "ƙaramar hukuma" ko Riruwai ko Falgore. Haka muka yi da Tudun Wada. Kowa ya san akwai Tudun Wada a Zariya, akwai a Kaduna, akwai ma unguwa mai wannan suna a cikin Kano. Tamu ita ce ta Ɗankadai mai shinkafa. Wani da ya ba da labarin hutun da ya yi wurin yayarsa a Zariya, kwamfuta ta maido shi nan kudancin Kano ba tare da kuɗin mota ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sha'anin ƙugiya. Mun yi laƙabin Namun Daji saboda maƙalun Falgore, na jera sunayen dabbobi da macizai, har da kasa. Sai ga fiye da rabin maƙalun sun zama na namun daji! Dalili kuwa, biyu daga cikinmu ba su sa ƙugiya ba da suna bugawa, duk inda aka ce "ƙasa" sun rubuta "kasa". A wurin kwamfuta k da ƙ baƙaƙe ne biyu dabam, kowanne da lambarsa, kamar yadda d da ɗ, da b da ɓ suke. Mu da muke jin Hausa muna wucewa ba mu lura ba, ita ba ta wucewa. Ga kuma "kasa" ta gazawa, wadda ba ta da ƙugiya tun asali. Ga "gada" ta daji da "gada" ta kan kogi, waɗanda murya kaɗai ke raba su, ba a kuwa rubuta murya a boko. Waɗannan biyun dai cire su na yi daga jerin, muka bi da ido. Ina ba ƙannenmu na aji ɗaya shawara su daina raina malamin Hausa in ya zaftare musu maki saboda ƙugiya.

Akwai kuma maƙalun da kwamfuta ta bari ba laƙabi ko ɗaya. Da farko na so in ƙyale su, don na ƙosa. Malam ya ce a'a, a karanta su. A ciki muka sami wata daga mujallar 1984, mai ita yana bayanin yadda ake haƙar kuza da wanke ta. Daga farko har ƙarshe "garinmu" yake cewa, bai ambaci sunan garin ba. Wani abokina ɗan Riruwai yana karantawa sai ya yi shiru. Ya gane duwatsun da ake siffantawa, ya duba sunan marubucin, ashe baffansa ne wanda ya rasu tun abokin nawa yana goye. Bai taɓa sanin ya yi rubutu ba. Da mun bi ta kwamfuta kaɗai, da maƙalar tana nan a shafin amma ba mai kai wa gare ta. Muka sa mata Riruwai da Doguwa da Kuza da hannu, na kuma ƙara kalmar kuza a jerin. Har gardama ta tashi, domin a 1984 ba a fitar da Doguwa daga Tudun Wada ba tukuna. Malam ya raba gardamar, ya ce a sa duka biyun, ai laƙabi ba ya cika buhu. Da aka yi hutu abokin nawa ya karanta wa kakarsa ita a waya, ya ce sau uku tana sa shi ya maimaita.

Yanzu saura maƙalu 31 da ba mu gano yankinsu ba. Yawancinsu sun ambaci ƙananan ƙauyuka da rafuka da tsofaffin sunayen unguwanni waɗanda mu yaran yanzu ba mu sani ba, ballantana kwamfuta. Saboda haka muna roƙon iyayenmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, in sun zo ranar ziyara su ɗan biyo ta ɗakin kwamfuta. Mun rubuta sunayen a babbar takarda mun manna a jikin ƙofa, da biro a rataye a gefe, don wanda ya gane wani wuri ya rubuta mana ƙaramar hukumar da yake ciki.