Yadda Matuƙin Jirgi Ke Ba Wa Ɗan'uwansa Shawarar Sayen Kaya

Tsohon matuƙin jirgin sama ya fi shan tambayar sayayya fiye da ta tuƙi. Ɗalibi ya kusa fara tashi a kwalejin koyon tuƙin jirage ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, sai ya same ka a inuwar rumfar jirage, ya sassauta murya kamar mai neman aure, ya ce, "Kyaftin, don Allah wane hedfon zan saya?" Nan take bakinka zai yi ƙaiƙayi ka kira sunan wanda ke rataye a wuyanka. Daure tukuna. Wataƙila gona aka sayar aka tura yaron nan karatu, kuma da abin da zai saya ne zai riƙa jin umarnin hasumiya injin na ruri a gabansa.

Abu na farko, ka mayar masa da tambaya. Wane jirgi kake tuƙawa yanzu, wanne kuma kake sa rai nan da shekara biyu? Dalilin tambayar ƙarami ne a ido: filogi. Yawancin ƙananan jiragen koyo rami biyu gare su, ɗaya na ji ɗaya na magana. Jirgi mai saukar ungulu filogi ɗaya yake karɓa, gajere mai kauri, wanda ake kira U-174. Jiragen Airbus galibi na XLR ne mai ƙafa biyar. Akwai kuma LEMO mai ƙafa shida, wanda ke jan wuta daga jirgin kansa, ba ruwansa da batir. Ni da kaina na taɓa yin wannan katoɓarar. Wani ƙanena a aiki ya tambaye ni, na ba shi amsa a tsaye ba tare da na tambaye shi komai ba, ashe ya riga ya samu aiki a jirage masu saukar ungulu da ke kai ma'aikata rijiyoyin mai na cikin teku. Kaya suka iso daga ƙasar waje, filogi ya ƙi shiga. Bai ce mini uffan ba, sai daga baya na gan shi da wata doguwar igiyar haɗi tana lilo a kafaɗarsa. Har yau in na tuna sai na ji kunya.

Daga filogi sai ƙara. Masana lafiyar kunne sun sa desibel 85 a matsayin inda ƙara ke fara cin kunne in aka daɗe a cikinta, ɗakin tuƙin ƙaramin jirgi mai farfela kuwa yakan zarce haka. Hedfon iri biyu ne. Akwai mai toshe ƙara da kauri da matsi kawai, irin koren nan na David Clark samfurin H10-13.4, wanda ba ya cin batir, ga shi da jure wahala kamar jakin Kano. Akwai kuma mai kashe ƙara da lantarki: wata 'yar makirfo a ciki tana jin rurin injin, na'urar ta fitar da sautin da ke kishiyarsa, su kashe juna kafin su kai dodon kunne. Kamfanin Bose ya fito da irin wannan kasuwa a 1989, bayan Dick Rutan da Jeana Yeager sun sa samfurin gwaji a jirgin Voyager a 1986, lokacin da suka zagaye duniya cikin kwana tara ba sauka ba shan mai. Manyan irin wannan sun haura dala dubu, koren kuwa bai kai rabin wannan kuɗin ba. Wanda zai wuni a jirgi mai farfela da wanda zai zauna a jet mai ɗan shiru, buƙatarsu ba ɗaya ba ce.

Batun aljihu sai da dabara. Kada ka ce "nawa gare ka" a gaban jama'a. Ka ambaci na tsada da na tsakiya da na hannu, ka dubi fuskarsa, za ka gane inda ya tsaya.

Sai kuma ainihin shawarar, a nan ne yawancinmu muke zamewa. Mu matuƙa da awa muke ƙirga komai. Littafin da kowa ke rubuta tashinsa a ciki shi ne mutuncinsa, ba mai yarda da wanda ya ce "na iya" sai an ga awanni. To haka ya kamata shawarar kaya ta zama. "Wannan ya fi kowanne" zancen mai talla ne. Zancen matuƙi shi ne, "Malam, na yi wajen awa ɗari huɗu da shi, akasari a jirgi mai injin biyu tsakanin Kano da Abuja. Ya kashe ruri sosai. Amma fatar da ke rufe kunne ta fara saɓewa a bazara ta biyu saboda gumi, kuma in na sa tabarau mai kaurin hannu sai ƙara ta samu kafar shiga." Ka ga an faɗi jirgi, an faɗi wuri, an faɗi tsawon lokaci, an kuma faɗi aibu. Aibun nan kada ka bar shi a ciki. Wanda ya kashe dala dubu kan abu yakan zama lauyan abin, don yarda da aibunsa kamar yarda ne cewa an cuce shi. Ka kula da wannan a zuciyarka. In ka rasa aibu ko ɗaya a abin da kake yabo, to ko dai ba ka daɗe da shi ba, ko kuwa kuɗinka kake karewa.

Ka kuma raba abin da ka gani da abin da ka ji. Babu laifi ka ce wani abokin aiki yana yabon Lightspeed Zulu, muddin ka ƙara da cewa kai ba ka taɓa sa shi a kunne ba, ka kuma haɗa su su yi magana baki da baki.

Yanzu ga maganar da ake kauce wa. Idan kana da wata riba a cinikin, faɗe ta tun kafin ka kira sunan kayan. Kamfani ne ya ba ka kyauta don ka gwada? Faɗa. Ƙanen matarka ne ke shigo da su? Faɗa. Kana da la'ada a kan kowane ɗaya da aka saya ta hannunka? Wannan ma faɗa. A kasuwar Kurmi ko ta Wudil ba wanda ke jin haushin dillali, domin kowa ya san shi dillali ne kuma an san abin da zai ci. Wanda ake ƙi shi ne dillalin da ya zo da rigar aboki. A Amurka hukumar kula da ciniki ta tarayya, FTC, ta wajabta wa duk mai yabon kaya a bainar jama'a ya bayyana alaƙarsa da mai kayan. Mu ba sai mun jira hukuma ba, tarbiyyar gida ta isa.

Wannan ya fi nauyi a kan babba. Kyaftin da ke son rabuwa da tsohon hedfon ɗinsa, in ya tallata wa mataimakin da gobe shi ne zai rubuta rahoton ƙwazonsa, ya san yaron ba zai iya cewa a'a ba. "To, yallaɓai" zai ce, ya je ya ciwo bashi. Tun bayan hatsarin Tenerife na 1977, inda jiragen Boeing 747 biyu suka yi karo a kan titin tashi mutum 583 suka rasu, sana'ar nan take fama wajen koya wa ƙarami ya buɗe baki ya yi wa babba gyara. Abin takaici ne a ce girman da ake ƙoƙarin sassautawa a ɗakin tuƙi shi za a ɗauko a yi ciniki da shi a ƙasa. In kana da na sayarwa, ka sanar kowa ya ji, ka sa farashi, ka bar wanda ba ya ƙarƙashinka ya taya.

Mataki na gaba shi ne wanda na fi ganin ana tsallakewa: abin nan yana aiki a inda mai tambaya yake? Yawancin yabon kayan tuƙi daga Amurka yake fitowa, daga mutanen da sararinsu daban, yanayinsu daban. Ɗauki 'yan na'urorin nan na ADS-B da ake maƙalawa a gilashi. Ba'amurke zai rantse maka cewa tasa tana kawo masa hoton hadari da rahoton yanayi kyauta yana sama, kuma gaskiya ya faɗa, domin tashoshin ƙasarsu ne ke watsa wannan bayani a kan zango 978. Ka kawo na'urar sararin Sakkwato, wannan hoton hadarin ba zai zo ba, don babu mai watso shi. Wanda ya saya saboda damina ya yi asara.

Haka iPad. Mai ba da shawara yakan manta ya ce samfurin da ke da gurbin layin waya ne kaɗai yake ɗauke da GPS a cikinsa. Mai Wi-Fi zalla sai an haɗa shi da wata na'ura kafin ya nuna inda jirgi yake a taswira. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa an yi shi ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. A Maiduguri ko Yamai cikin watan Afrilu, inuwa ma takan wuce 40, balle ɗakin tuƙi mai gilashi da ya yi awa guda a rana. In ya yi zafi sai ya ɗauke, ya bar ka da saƙon a jira ya huce. Saboda haka shawarar iPad ba ta cika sai an haɗa da inda za a rataye shi daga rana, da abin da za a koma kai in ya ɗauke. Ka kuma tambayi wace waya yake riƙe da ita, don manhajar ForeFlight a jirgi sai kayan Apple, Garmin Pilot kuwa tana hawa Android ma.

Tabarau kuma gajeriyar magana ce. Wanda direban mota ke yabo, mai tace walƙiyar kwalta, hukumar jiragen saman Amurka, FAA, ba ta so matuƙi ya sa shi, domin yana iya duhunta allon na'urori kuma ya ɓoye ƙyallin wani jirgi da ke tahowa. Ruwan toka mara wannan tacewar, shi ke nan.

Kar ka manta da bayan saye. In ya lalace, ina za a kai shi? Garantin shekara biyar bai da daɗi in sai an aika kaya ƙetare an kuma biya kwastan a dawowa.

Akwai wuraren da ladabi shi ne ka kama bakinka. Na ɗaya, duk abin da za a ɗaura a jikin jirgi. Wannan hurumin injiniya ne mai lasisi, da takardar shaidar kaya irin su fom 8130-3 na Amurka ko Form 1 na Turai. "Na san wani mai bayarwa da araha" magana ce da ta taɓa cin rayuka: a watan Satumba na 1989 jirgin Partnair ƙirar Convair 580 ya tarwatse a gaɓar Denmak da mutum 55, bincike kuma ya gano kusoshin jabu ne ke riƙe da wutsiyarsa. Na biyu, magani. Abokin aiki na fama da mura lokacin hazo, kada ka ce ya sha abin da kake sha. Ƙwayoyin mura da yawa, irin su Piriton, suna sa barci, kuma nauyinsu yakan daɗe a jiki bayan mutum ya zaci ya wartsake. Tura shi wajen likitan matuƙa. Na uku, dokar kamfani: wasu kamfanonin ba sa yarda a shiga ɗakin tuƙinsu da hedfon da ba shi da shaidar TSO, don haka ya duba littafin aikinsu kafin ya biya.

Abu ɗaya ne nake yarda mutum ya matsa a kansa ko ba a tambaye shi ba, shi ne na'urar gano iskar kabon monoksaid ga masu tuƙa ƙananan jirage. Iskar ba ta da wari ba ta da launi, takan sulalo daga tsagewar salansa ta bututun ɗumama ɗaki. Masu kallon ƙwallo sun tuna Emiliano Sala, wanda ya tashi daga Nantes zuwa Cardiff a Janairun 2019 cikin ƙaramin jirgin Piper Malibu ya faɗa teku. Masu binciken Birtaniya sun samu wannan iskar da yawa a jininsa. Ɗan katin nan mai ɗigo da ke canza launi sai ka dube shi kafin ya amfane ka, kuma yana tsufa. Mai ƙara ta fi. Ko a nan, irin na'urar za ka matsa a kai, sunan kamfani ka bar masa zaɓi.

In kuna zaune da yawa wani ya yabi abin da kai ka gwada ka ƙi, kada ka ƙaryata shi a gaban ɗalibi. Kan mutane ba ɗaya ba ne. Hedfon da ya zauna wa wani daram, wani matse masa gefen kai zai yi cikin awa guda. Ce, "Kyaftin ya ji daɗinsa, ni kuwa ga abin da na gani," ka tsaya nan. Wanda ya riga ya saya kuwa, ba a ce masa "da ka tambaye ni". Nuna masa yadda zai ci moriyar abin da ke hannunsa.

Mafi kyau duka, ciro naka daga jaka ka goge shi ka miƙa masa. "Ungo, yi tashin gobe da shi, ka dawo mini da shi jibi." Awa biyu a sama za ta gaya masa abin da ba za ka iya faɗa a wuni ba.

Bayan wata uku ka neme shi ka ji yadda ya samu abin. In kuma naka ne ya ba ka matsala bayan ka gama yabonsa, bi waɗanda ka ba shawara ɗaya bayan ɗaya ka shaida musu. Wannan ƙanen nawa mai igiyar haɗi, shekara ta zagayo kafin na iya tare shi a filin jirgin Fatakwal na ce, "Ni na sa ka sayi abin nan ban tambaye ka jirginka ba." Ya yi dariya ya ce, "Haba Kyaftin, ai ya wuce." Sannan ya buɗe jaka ya nuna mini wanda ya saya daga baya, mai filogi ɗaya, ya ce in sa in ji.