Digiri a Bakin Aiki: Hanyar da Iyaye Ba Su Cika Dubawa Ba

Darasinmu na yau ya shafi iyaye da matasanmu mazauna Ingila, musamman masu sha'awar fannin kwamfuta da injiniyanci.

Fasahar zamani tana tsufa da wuri. Manhajar Flash, wadda a da kusan duk bidiyon intanet ya dogara da ita, an daina tallafa mata a ƙarshen 2020. A farkon wannan shekarar ce kuma aka rufe babin Python 2, ya zama dole masu rubuta manhaja su koma Python 3. ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, ke nan ɗalibin da ya shiga jami'a a 2021 ya kammala ya tarar da kayan aikin da babu su a manhajar karatun da ya fara da ita. Jami'a kan ɗauki lokaci kafin ta sabunta darussanta, kamfani kuwa ba ya jira. Ni injiniya ne, kuma yawancin kayan da nake aiki da su a yau a wurin aiki na koye su. Abin da jami'a ta ba ni wanda bai tsufa ba shi ne lissafi da tsarin warware matsala.

Saboda haka nake jan hankalinmu ga digirin koyon sana'a, wato tsarin da Turawa ke kira afirentis, wanda aka ɗaga zuwa matakin digiri a Ingila a 2015. Kamfani ne ke ɗaukar matashi aiki, ya riƙa biyansa albashi, a ware masa kimanin yini guda a mako don karatun jami'a. Bayan shekara uku zuwa shida, gwargwadon fanni, ya fito da cikakken digiri da gogewar aiki, ba tare da ya biya kuɗin makaranta ba. Kuɗin na fitowa ne daga harajin da aka ɗora tun Afrilun 2017 a kan duk ma'aikatar da jimillar albashin da take biya ya haura fam miliyan 3 a shekara, inda take ba da kashi 0.5 cikin ɗari. Kamfanoni irin su BT da Rolls-Royce da IBM da Jaguar Land Rover duk suna ɗaukar irin waɗannan ɗalibai.

Ga Musulmi akwai wani dalili da ya fi albashi nauyi. Kuɗin jami'a a Ingila ya kai fam 9,250 a shekara tun 2017, ya koma 9,535 a 2025, kuma bashin karatu na gwamnati yana da ruwa a kansa. Wanda ya fara karatu daga Agustan 2023 zai riƙa biyan kashi 9 cikin ɗari na abin da ya haura fam 25,000 a albashinsa, kuma ba a yafe ragowar sai bayan shekara 40. Malamai sun yi saɓani: wasu sun yi rangwame saboda lalura, wasu sun hana, kuma fatawa ba hurumina ba ce. David Cameron ya yi alkawarin samar da tsarin da ya dace da shari'a tun 2013, dokar 2017 ta ba gwamnati ikon kafa shi, amma aka yi ta ɗage lokaci shekara bayan shekara. A tsawon wannan jiran, wasu gidaje sun ci bashin zuciyarsu ba ta kwanta ba, wasu kuma 'ya'yansu sun haƙura da jami'ar gaba ɗaya. Digirin koyon sana'a ya kauce wa wannan tsaka mai wuya, domin babu bashin balle ruwansa.

Sai dai samun gurbin ba sauƙi. Neman aiki ne, ba neman makaranta ba: akwai takardar tarihin karatu, da jarrabawa ta intanet, da ganawa ido da ido, wani lokaci har da aikin rukuni inda ake lura da yadda mutum ke magana da sauraro. A nan ne yaranmu kan yi rauni. Mun tarbiyyantar da su a kan sunkuyar da kai gaban manya, abin yabo ne a gida, amma mai tantancewa yana iya ɗaukarsa rashin ƙarfin gwiwa. Ana iya koya wa yaro ya bayyana abin da ya iya ba tare da ya zubar da ladabinsa ba, kuma injiniyoyin da ke cikin wannan ƙungiya za su iya zama da matasa su gwada musu ganawar kafin ranarta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: sakamakon lissafi a GCSE da zaɓin darussan A Level su ne ke buɗe ƙofar ko su rufe ta, kuma ana yanke wannan shawara yaro yana ɗan shekara 16.

Batun 'ya'ya mata na buƙatar tsayawa. A gidajenmu da yawa, yarinya mai ƙwazo likitanci ko aikin jinya ake nufa da ita, kwamfuta kuma a bar wa maza. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada wasu manhajojin kasuwa masu tantance jinsi daga hoton fuska. Kuskurensu a kan fararen maza bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, a kan mata masu duhun fata kuwa ya kai kusan kashi 35. Hotunan da ake horar da irin waɗannan manhajoji da su sun fi karkata ga fararen fuskoki, kuma da wuya a lura da wannan giɓi idan babu mai kama da mu a ɗakin da ake gininsu. 'Yarmu mai hijabi da ta zauna a wannan ɗaki tana kare mahaifiyarta ne daga na'urar da za ta kasa gane ta.

Tsarin bai tsaya ga matasa ba. Daga shekara 16 ake shiga, kuma a matakin digiri na farko babu iyaka daga sama, don haka ɗan'uwan da ya zo da digiri daga Zariya ko Yamai, yake tuƙi ko kula da tsofaffi, shi ma yana iya nema idan ya cika sharuɗɗan izinin aiki da na daɗewar zama a ƙasa. Ana tallata guraben a shafin gwamnati da na UCAS, kuma manyan kamfanoni kan buɗe nasu tun daga kaka, kusan shekara guda kafin fara aiki, su rufe da zarar masu nema sun ishe su.