Yaya Mai Bincike Yake Sa a Yarda da Shi?

Ɗalibanmu na aji shida da za su wuce jami'a ko kwalejin horon malamai ba za su daɗe ba za a ɗora musu rubutun bincike. Za a ce su ambaci waɗanda suka riga su rubutu a kan batun, su bayyana hanyar da suka bi, su kuma rage cika baki. Da yawa sukan ɗauki waɗannan ƙa'idodi kamar rigar makaranta, a sa don gudun bulala. Bari mu duba ainihin aikinsu.

Mai karatu bai san marubuci ba, ba ya kuma wurin sa'ad da aka yi aikin. To, don me zai yarda? Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki mun san yadda Luka ya buɗe Bishararsa: ya gaya wa Tiyofalas cewa waɗansu sun riga shi rubutawa, labarin ya fito daga bakin shaidun gani da ido, shi kuma ya bi diddiginsa. Mai bincike na yau haka yake yi. In ya ambaci littafi da shafinsa, yana cewa ne je ka duba. In ya faɗi yawan mutanen da ya gwada da yadda ya zaɓo su, ya ba wani damar maimaita gwajin. In ya rubuta "mai yiwuwa ne" a inda shaidarsa ba ta kai ba, sai mu fi gaskata shi a inda ya ce "tabbas". Kafin mujalla ta buga aikin kuma, takan aika wa waɗansu masana su tankaɗe shi su rairaye.

Amma akan sa wannan riga a yi ƙarya a cikinta. A 1998 mujallar likitanci ta The Lancet a Ingila ta buga rahoton wani likita, Andrew Wakefield, da abokan aikinsa 12. Sun duba yara 12 masu ciwon hanji, galibinsu da larurar otizim, wadda ke hana yaro magana da cuɗanya kamar tsaransa. Rahoton ya ce iyayen 8 daga cikinsu sun danganta larurar da allurar MMR, mai rigakafin ƙyanda da hangum da rubela. Komai na ƙa'ida ya cika: sunan asibiti, jadawalin sakamako, jerin ayyukan magabata. Har marubutan suka rubuta cewa ba su tabbatar da alaƙa tsakanin allurar da larurar ba. A gaban 'yan jarida kuwa, inda babu masanin da zai tace maganarsa, Wakefield ya nemi a daina ba da allurar a haɗe. Iyaye suka tsorata. Yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya sauko daga wajen kashi 92 cikin 100 zuwa wajen kashi 80 a 2003, ƙyanda ta komo, a 2006 ta kashe wani yaro ɗan shekara 13.

Nan ne darasin ya fi daɗi, domin ƙa'idodin da suka sa aka yarda da rahoton su ne suka tona shi. Ya rubuta cewa yaran sun zo asibiti ɗaya bayan ɗaya, ba zaɓo su aka yi ba. Ya rubuta cewa kwamitin da ke kare haƙƙin marasa lafiya ya amince da gwajin. Waɗannan maganganu ne da ake iya bincikawa, aka kuwa bincika. A 2004 ɗan jarida Brian Deer ya fallasa cewa an biya Wakefield kuɗi domin taimaka wa lauyoyin da ke shirin kai ƙarar masu yin allurar, bai kuma faɗi haka a rahoton ba. Ga mu nan, wannan ɓoyewa ita ce babban laifin: da mai karatu ya san wanda ya biya, da ya karanta da wani ido dabam. A shekarar nan 10 daga cikin marubutan suka janye fassarar da aka yi wa sakamakon.

Waɗansu kuma suka sake gwadawa da adadi mai yawa. A 2002 masana a Denmak suka buga binciken yara 537,303, ba su sami alaƙa ba. Yara 12 ina, rabin miliyan ina! Shi ya sa muke nace wa ɗalibai su duba yawan waɗanda aka gwada tun kafin su karanta abin da aka gano.

A Janairun 2010 hukumar likitocin Birtaniya ta same shi da rashin gaskiya. A Fabrairu The Lancet ta janye rahoton ɗungurungum, tana nuni ga waɗancan maganganu biyu, na zuwan yaran da na amincewar kwamiti, cewa ba gaskiya ba ne. A Mayu aka soke sunansa daga rajistar likitoci. Shekara 12 ke nan bayan bugawa.