Hukuncin Algus A Cikin Man Shanu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƙasar Tambuwal da Kebbe ƙasar kiwo ce, kuma man shanu yana cikin abin da makiyaya ke kawowa kasuwa domin biyan bukatun gida. To, akan sami mai son zuciya ya gauraya shi da kitse ko wani mai mai araha, ya sayar da sunan tsantsa. Wannan shi ne algus, kuma haramun ne.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa. Ya tuhumi mai shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen, ya kuma bayyana cewa mai algus ba ya tare da shi. Littafin Risala ya haramta gauraya mai kyau da maras kyau, da ɓoye aibin haja. Wanda aka cuta yana da ikon mai da kayan ya karɓi kuɗinsa.

Shari'a ba ta tsaya ga wa'azi kaɗai ba. An ruwaito Sayyidina Umar ya zubar da nonon da aka haɗa da ruwa domin horo. Imamu Malik kuwa ya fi son a ba matalauta shi, kada a yi asarar abinci. Muhtasar na Shehu Halilu ya bi wannan: a yi sadaka da kayan algus, sai fa idan mai shi haka ya saye su. Ashe ke nan wajibi ne a bincika, kada a hori dillaliyar da ita ma cutarta aka yi. Man da zai cutar da lafiya kuwa, zubar da shi ake yi.

Ƙwace kaya aikin hukuma ne, ba na kowa ba. A Daular Sakkwato muhtasibi ne ke duba kasuwa. A yau akwai hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, da kotunan shari'a, da sarakunan kasuwa. Wanda ya ga algus sai ya kai musu ƙara, domin idan aka ƙyale macuci, mai gaskiya ne zai rasa masu saye.

Allah Ya tsare Musulmi daga cin haram, amin.